Ƙofar da Malam Ɗahiru Bai Buɗe Ba

A shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, mutanen Gyaɗi-Gyaɗi suka yi sabon maƙwabci wanda suka rasa inda za su ajiye shi. Sunansa Inuwa, amma Dakta kowa yake ce masa, kuma sai da mata suka gaji da kai masa yara masu zazzaɓi kafin unguwa ta yarda cewa wannan daktan ko ƙurji bai iya dubawa ba. Daktan lissafi ne. Ya yi shekaru a Ingila, ya dawo da akwatunan littattafai da tabarau da wata ɗabi'a ta katse mutum yana tsakiyar magana don ya gyara masa. Ba mugu ba ne, kuma ba shi da girman kai irin na 'yan bokon lokacin. Shi dai in ya ji magana ta karkace, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

Da safe yana koyar da lissafi a wata kwaleji, da shi yake ci. Amma abin da ya cinye masa rai shi ne tarihin manɗiƙi, wato ilmin auna hujja, yadda ake gane wace magana ce take haifar da wace, da wadda ba ta haifar da komai sai hayaniya. Ya bi sawun ilmin nan daga Girkawa zuwa Bagadaza, daga Bagadaza zuwa Masar da Magrib, ya yi rubuce-rubuce har Turawa suka yaba. Sai dai duk littafin da ya buɗe, hanyar in ta iso bakin Sahara sai ta tsaya cak, kamar a kudu da nan babu wanda ya taɓa zama ya yi tunani. Wannan abu yana ƙona masa rai. Ya ɗaukar wa kansa alkawari sai ya rubuta littafin da zai ƙarasa da hanyar nan har Kano.

Ya bi zaurukan cikin birni ɗaya bayan ɗaya. Ana karɓarsa da mutunci, a ba shi ruwa, a fito masa da takardu, amma duk abin da ya gani kwafi ne na abin da ya zo daga arewa, babu inda mutanen nan suka ƙara nasu. Har ya fara sarewa, sai wani mai sayar da littattafai a kasuwar Kurmi ya ce masa ya daina wahalar da kansa da takarda, ya je Tarauni ya nemi wani tsoho, Malam Ɗahiru, mai karatun Awo, wato auna hujja irin na mutanen nan.

Tarauni a lokacin rabinta gonaki ne. Gari yana tahowa, ana jibge bulo a inda bara aka yanke dawa, amma har yanzu akuya ta fi mota yawa. Gidan Malam Ɗahiru na ƙasa ne, da zaure ɗaya da bishiyar darbejiya a ƙofa. Shi dogo ne siriri, yanar ido ta rufe masa gani, ba ya bambance komai sai haske da duhu. Su biyu ne a gidan, shi da matarsa Inna Lami. Sun haifi 'ya'ya, ƙasa ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya, wasu a goye, na ƙarshen har ya fara gemu. Duk wanda ya shiga gidan, shirun ne yake fara tarar sa.

Karatun Awo ba littafi ba ne. Gajerun baitoci ne na Larabci, kowanne da bayaninsa na Hausa, kuma duka a ka suke, daga baki zuwa kunne. Ranar da Inuwa ya fara zuwa, Malam ya ce masa ƙofa uku gare shi. Ta farko kalmomi ce da ma'anoninsu. Ta biyu yadda ake haɗa magana da magana su haifi wata. Ta uku kuwa ita ce ta abin da ya zama dole, da abin da zai yiwu, da abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, da yadda hujja take tafiya a tsakaninsu. Biyun farko daga arewa suka zo, in ji shi, amma ta ukun malaman Kano ne suka gina ta da kansu, bayan wata gardama da ta ci zamanin kakanni, kuma ba a taɓa sa ta a takarda ba. Da Inuwa ya ji haka sai ya tambaya ko akwai wani da ya karɓe ta ban da Malam. Tsohon ya yi dariya ya ce wa zai ɓata ƙuruciyarsa a kan karatun da ba ya kai mutum limanci, ba ya kawo masa masu neman taimako? Shi kaɗai ya rage.

Washegari Inuwa ya koma da rikoda sabuwa fil. Malam ya shafa ta sama da ƙasa, ya tambayi abin da take ci, aka ce masa batir. Ya ce to in ta yi kuskure wa zai yi mata faɗa, in ta ƙware wa zai sa mata albarka? A mayar da ita inda aka samo ta. Takarda da biro ma ban da su a zaure. Ba a ba da sabon baiti sai an kawo na jiya a ka, kuma ba a tsallake ƙofa a shiga wata ko da mai nema sarkin malamai ne. Kullum kafin a fara, Malam zai jero sunayen waɗanda karatun ya bi ta hannunsu, ya ce na ji daga malamina wane, shi ya ji daga wane, har sunayen su ƙare. In ya gama bayanin baiti kuma, sai ya buga tafin hannunsa a kan buzu ya ce, "Kuma haka yake." Da wannan kalmar ake rufe kowane darasi, in ba a faɗe ta ba to ba a ba da komai ba.

Haka mutumin da ke tsayawa gaban allo yana tsawata wa ɗalibai da safe ya koma mai durƙuso a tabarma da yamma. Kullum bayan la'asar yana hawa Basfarsa daga Gyaɗi-Gyaɗi, ya ratsa gonaki, ya karɓi baitinsa, ya dawo gida yana maimaitawa a kan hanya kamar mai tsoron kada ya zube, ya zauna ya rubuta kafin ya ko cire takalmi. Matarsa Hasana takan ce ita ba ta san ta auri ɗan makarantar allo ba. Karatun yana tafiya da jan ƙafa, wani baitin sai a yi mako ana juya shi, kuma da yawa daga cikinsu Inuwa ya riga ya san su tun a Ingila. Ya danne zuciyarsa ya haƙura, idonsa yana kan ƙofa ta uku.

Abin da bai shirya masa ba shi ne ƙauna. Tsohon ya koyi ƙarar Basfar, tun tana nesa yake gyara zama. In ruwa ya hana Inuwa zuwa, sai ya wuni yana tambayar Inna Lami ko ta ji wani labari. Ita kuwa ta ware masa kwanonsa na fura, ta daina ce masa Dakta, ta koma ce masa ɗan nan, daga baya ma ɗana. Inuwa ya rasa mahaifinsa tun yana firamare, kuma bai san yana jin wannan yunwar ba sai da aka fara ƙosar da shi. Damina ta wuce, wata ta zo. A daminar shekarar ƙarin albashin Udoji, Malam ya ce masa saura ƙiris su rufe ƙofa ta biyu, in Allah ya kai rai bayan ƙaramar salla za su buɗe ta uku.

Ranar da abin ya faru ruwa aka yi tun azahar. Zauren ya cika da masu fakewa, ga Garba limamin masallacin unguwa, ga Tanko tela, ga wasu manoma da ruwa ya koro daga gona. Malam yana cikin nishaɗi, don ya daɗe bai yi karatu a gaban jama'a ba. Ya jero sunaye, ya rera baitin, sannan ya yi bayani. Ya ce daga "duk" ana fitar da "wasu". In an ce duk tumakin gidan nan farare ne, to an yarda ke nan akwai wasu tumakin gidan nan farare, ba a musu a kan wannan. Ya ɗaga hannu zai buga buzu.

To, a safiyar ranar nan Inuwa ya koyar da wannan mas'alar a aji, yadda masana lissafi na yanzu suke kallonta, tana nan a kan harshensa da ɗuminta. Kuma abin takaicin shi ne, duk Kano babu wanda ya fi shi sanin cewa babu maƙaryaci tsakanin magabata da mutanen yanzu. Magabata ba sa cewa "duk" sai a kan abin da yake akwai, na yanzu kuwa suna faɗinta har a kan abin da babu, bambancin ke nan, shi da kansa ya taɓa rubuta maƙala a kai. A matsayinsa na mai tarihi, kamata ya yi ya yi shiru ya adana baitin yadda ya ji shi. Amma akwai jama'a, kuma bakin nan nasa ya riga shi.

"Allah ya gafarta Malam, ba kullum ba."

Hannun Malam ya tsaya a sama. Ya ce, "To, kawo."

Inuwa yana buƙatar misali da abin da babu shi. Ya waiga yana nema, idonsa ya bi ta ƙofar cikin gida ya sauka a tsakar gida, fayau, ruwa yana dukan ƙasa. Ya ce, "Misali in na ce duk 'ya'yan da ke gidan nan mahaddata ne. Babu mai ƙaryata ni, don babu wanda zai iya nuna ɗa ɗaya da bai haddace ba. To amma za a fitar da cewa akwai wasu 'ya'ya mahaddata a gidan nan?"

Sai da ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Tanko ya sunkuyar da kai. Liman Garba ya shiga laluben carbinsa. A bakin ƙofar cikin gida Inna Lami tana tsaye da kwanon fura, ta lulluɓa da buhu saboda ruwa. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a hankali, ta juya ta koma.

Malam bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya sauke hannunsa a kan gwiwa, ya maimaita misalin da bakinsa, kalma bayan kalma, kamar mai tauna tsakuwa. Ya sake maimaitawa. Sannan ya ce, "Ba a fitarwa. Babu ɗa." Da ruwa ya fara tsagaitawa, ya ce a tashi, sai gobe. Ranar ba a buga buzu ba.

Da Inuwa ya ba Hasana labari, ba ta yi masa faɗa ba. Ta dube shi kawai ta ce, duk faɗin duniya bai samu abin da babu ba sai a gidan mutumin? Ya kasa cin abinci. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya ƙosa gari ya waye ya je ya ba da haƙuri.

Ya je ya durƙusa, ya fara magana a kan yaran. Malam ya katse shi ya ce ya bar wannan, ba shi ya kashe su ba, wanda ya ba da su ne ya karɓa. Abin da ya hana shi runtsawa daban ne. Ya juya baitin ta kowace fuska, ya tarar ya tsage. Tun yana saurayi yake buga buzu a kansa yana cewa haka yake, malaminsa ma haka, malamin malaminsa ma haka, ashe ba haka yake ba.

Inuwa ya yi maza ya shiga bayani. Ya ce wallahi baitin lafiyarsa ƙalau, magabata sharaɗi suke da shi a zuci, cewa ba a maganar "duk" sai a kan abin da yake akwai, in an sa sharaɗin babu inda ya tsage. Gaskiya ya faɗa tsantsarta. Amma Malam ya girgiza kai ya ce in da akwai sharaɗi da an ba shi, shi kuwa ba a ba shi ba, abin da aka ba shi ke nan ya bayar. "Jiya ka faɗi gaskiya a gaban mutane," in ji shi. "Yau kuma ka zo kana lallashin tsoho. Na gode, amma na jiyan na ɗauka."

Daga nan ya faɗi abin da Inuwa ya fi tsoro. Ya ce ƙofa ta uku a kan ta biyu aka gina ta. In tubali ɗaya na ƙasa ya ruɓe, bai san nawa ne na sama suka jingina da shi ba. Ba zai iya buga buzu a kan ko baiti ɗaya nata ba, saboda haka ba zai buɗe ta ba.

"To kada ka buga, Malam," in ji Inuwa. "Ka faɗa mini kawai yadda aka faɗa maka, da daidai da kuskure. Kuskuren ma ina so. Aikina ke nan, in san abin da suka ce."

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryar, kamar yau ya fara jin ta. Ya ce, "Kuskuren ma kana so? Mutanen nan da nake jero sunayensu suna kwance, ba su da bakin kare kansu. In na ba ka, ka rubuta, ya shiga duniya, duk wanda ya ɓata da shi a kansu za a ɗora, da ni. Kana so in ƙara wa malamaina nauyi a kabari don littafinka ya cika?"

Inuwa ya karanci hujjojin mutane na shekaru dubu biyu, amma bai taɓa zama gaban wanda yake tsoron hujjarsa ta bi shi lahira ba. A wurinsa abin da magabata suka faɗa tarihi ne, a adana shi ko daidai ne ko ba daidai ba. A wurin Malam amana ce, in ba gaskiya ba ce to ba a miƙa ta.

Sai Malam ya lallaɓa ya miƙe, ya sauka daga buzun ya zauna a tabarma. Ya ce Inuwa ya hau. Tunda ma'auninsa ya kama abin da nasu bai kama ba, ya koya masa shi tun daga farko. In ya iya, zai auna ƙofa ta uku da shi baiti baiti, abin da ya tsira ya ba shi da hannu biyu. Inuwa ya ƙi hawa buzun, amma ya karɓi sharaɗin, don ita kaɗai ce igiyar da ta rage masa. A ransa yana cewa wata ɗaya ko biyu tsohon zai gaji ya sauko.

Bai gaji ba. Da yake babu idon ganin allo, Inuwa a tafin hannunsa yake zana masa da'ira da yatsa, ya sa masa ƙwallayen dabino a ciki da waje, wannan yana cikin wancan, wannan babu komai a cikinsa. Masu wucewa sukan hango su kai da kai suna ƙus-ƙus, hannu cikin hannu, su ce lallai ana ba Dakta asirin karatu. Tsohon yana da kaifin kai mai ban tsoro. Abin da ɗaliban kwaleji suke shekara suna kuka a kai, shi sai ya kwana da shi ya tashi da tambayar da Inuwa zai yi gumi kafin ya amsa. Kuma ya sami wani farin ciki da bai taɓa samu ba, kamar yaro da sabon allo. Wannan farin cikin ne ya fi komai ci wa Inuwa rai, don ya san da me ake sayensa.

Lokaci lokaci in ya iso, Malam zai tare shi da cewa jiya ya zubar da baiti biyu na ƙofa ta uku, ko ya zubar da ɗaya. Inuwa ya roƙe shi ya faɗa masa ko da waɗanda aka zubar ɗin, sai ya ce abin da aka zubar ai an zubar. Inuwa ya yi masa bayani cewa wannan ma'aunin ba don ƙofa ta uku aka ƙera shi ba, kamar a auna yadi da mudu ne, kuma su kansu Turawan ba su gama daidaita bakinsu a kan dole da mai yiwuwa ba. Malam ya yi murmushi ya ce lallashin ya dawo ke nan. Akwai ranar da Inuwa ya yi niyyar karkatar da darasi da gangan, ya sassauta ƙa'ida don baitocin su samu hanyar wucewa. Ya fara, ya kai tsakiya, ya dubi fuskar tsohon da ta buɗe tana jiransa da yarda, sai ya kasa. Ya gyara, ya faɗi daidai, ya san ya ƙara kashe wasu.

Ya gwada ta wajen Inna Lami. Ta yi shekaru tana jin mijinta yana tilawar baitocin nan ta bayan bango, ba mamaki wani abu ya maƙale mata. Tun ranar ruwan nan fura ba ta fasa fitowa ba, amma ɗana ya koma Dakta, kuma magana ba ta wuce gaisuwa. Ya same ta tana tsince wake a gindin darbejiya, ya tsuguna nesa kaɗan ya faɗi buƙatarsa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gidan nan ai babu mahaddata, Dakta. Kai ka faɗa."

A Gyaɗi-Gyaɗi littafin yana kan tebur ya tsaya a inda karatun ya tsaya. Wani abokin aikinsa, Lawrence, wanda suka yi Ingila tare, ya ba shi shawara ya buga abin da ya samu, ƙofa biyu ma ai abin a yaba ne. Inuwa ya ce ƙofa biyun kowa yana da su daga birnin Fas na Magrib har Alƙahira, in ya buga su ya tabbatar wa duniya ke nan cewa mutanen nan kwafa kawai suka yi. Ya rame, ya rage magana a aji. Ɗalibai suka lura cewa Dakta ya daina katse mutum. Wani zai tafka kuskure a gaban allo, shi kuwa yana tsaye yana kallon taga, sai an taɓa shi.

Da damina ta sake zagayowa Malam Ɗahiru ya kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Inuwa ya ɗauko mota ya kai shi asibiti, aka ba da magani aka ce a koma gida, kowa ya gane abin da ake nufi. Wata ranar Laraba da hantsi aka aiko kwaleji cewa Malam yana kiransa. Ya bar aji a tsaye ya tafi.

An shimfiɗa masa a zaure, inda yake so. Ya laluba ya kamo hannun Inuwa, ya ce ya gama awo. Inuwa ya matso da kunnensa. Malam ya ce da yawa ya zubar. Akwai kuma waɗanda ya auna ya auna, ma'aunin bai ce daidai ne ba, bai ce kuskure ne ba, ya yi shiru a kansu, kuma su ne ma suka fi kyau. Su ma ba zai bayar ba, don abin da ba a tabbatar ba ba a buga masa buzu.

"Ko ɗaya, Malam," in ji Inuwa. "Baiti ɗaya. Ba zan rubuta ba."

"Za ka rubuta," in ji tsohon, da taushin murya, ba da zargi ba. "Ai na san ɗana." Ya huta, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Inuwa. Da ba ka zo ba, da na tafi da kayan nan a kaina ban sani ba. Kai ka sauke mini."

Inuwa ya kifa kansa a kan hannun ya yi kuka irin na yara. Malam yana shafa masa ƙeya yana ba shi haƙuri, yana cewa mutuwa ai ba baƙuwa ba ce, don a zatonsa ita ake yi wa kukan. Ya cika kafin la'asar.

Ranar sadakar uku zauren ya cika har waje, an shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Bayan an yi addu'a, Liman Garba ya yi gyaran murya ya ce Malam bai bar ɗa ba, amma Allah bai bar shi haka ba. Kowa shaida ne yadda ya shekara yana zuba wa Dakta karatu a tafin hannu, abin da bai taɓa ba wani ba. Saboda haka Awo bai mutu ba. Ya sa Tanko ya ɗauko buzun ya shimfiɗa, ya ce don albarka Malam Inuwa ya hau ya ɗora musu daga inda aka tsaya.

Inuwa ya buɗe baki zai gyara masa, karo na farko cikin watanni, sai ya ga fuskokin. Manoma ne da teloli da 'yan ga-ruwa, ba su san ko baiti ɗaya na Awo ba, amma sun ji daɗi cewa yana nan. Ya tashi ya hau buzun. Ya jero sunayen, na ji daga Malam Ɗahiru, shi ya ji daga malaminsa, har zuwa na ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sannan ya rera baiti na ƙarshe da aka ba shi, na ranar ruwa, ya yi bayaninsa yadda ya ji shi, da tumakin da komai. Ya ɗaga hannu ya buga buzun.

"Kuma haka yake," in ji shi.

Daga bayan ƙofar cikin gida, inda mata suke zaune, muryar Inna Lami ta fito a hankali, ba ta fi ta isa kunnensa ba.

"Da ka bar shi ya faɗi haka ran nan."

Liman Garba bai ji ta ba. Ya gyara zama, ya ajiye carbinsa a kan cinya, ya ce, "Madalla. Ci gaba, Malam, muna saurare."